Ruwan Shuɗi a Farar Kwalba

Shekara goma sha ɗaya ina goge gilashin jirgin Si Jilali, ban taɓa zama a cikinsa ba. A ganina kujerar matuƙi ta matuƙi ce, mai tsumma kuma ya tsaya a waje da tsummansa. Ladabi na ɗauke shi. Daga baya na gane cewa daga nan laifina ya fara.

Sunana Bassu, mutumin dutse ne daga can saman Azilal. Karatuna bai wuce allo ba. Na san Si Jilali tun shekarun fara, lokacin yana tuƙa jirgin feshi a kudu, ni kuma ina mirgina gangunan magani ina cika masa tanki. Ranar da maganin ya shiga ƙirjina na faɗi, shi ya saɓe ni a kafaɗa ya kai ni mota. Da ya ajiye aiki ya sayi ɗan jirginsa mai kujera huɗu, fari mai jan layi, ya ajiye shi a ƙaramin filin da ke bayan gari tsakanin gonakin zaitun, sai ya aika a kira ni. Aikina in share rumfa, in hana tsuntsaye yin sheƙa a bakin inji, in tura jirgi waje, in goge gilashi.

Kowace Alhamis bayan la'asar yakan tashi, ya zagaya ƙauyen mahaifiyarsa a bayan dutse, ya dawo kafin rana ta faɗi. Iskar filinmu daga yamma take zuwa, saboda haka yana fuskantar rana yake sauka. Ni kuwa ina bakin rumfa da butar shayi, ina duba yadda zai ajiye ƙafafun jirgin. Da, sai ka ce ƙwai yake ajiyewa.

A bazarar bara abin ya fara canzawa. Wata Alhamis ya zo har kusa da ƙasa, sai ya sake tashi ya zagayo. Wata kuma ya buga ƙasa da ƙarfi har jirgin ya yi tsalle sau biyu. Ban tambaye shi ba, don ba a tambayar mutum abin da bai kawo maka ba. Sai a ƙarshen watan tara, muna zaune da shayi a bakin rumfa, ya faɗa mini da kansa, yana kallon kofinsa. Ya ce idonsa ne. In ya juyo yamma zai sauka, komai fari yake zama, titin ma sai ya yi ta lalube. Mahaifinsa haka yanar ido ta fara masa, da hasken yamma, kafin ya makance gaba ɗaya. Ya ce saura wata guda a duba lafiyarsa don sabunta lasisi, kuma ya fi son ya bar tuƙi da kansa da a ce wani likita sa'ar ɗansa ya ƙwace masa. Har ya samu mai saye, wani mutumin Marrakish.

Na ce masa ya je a duba idon mana. Ya ce, "Kai da ka ƙi zuwa a cire maka haƙori shekara uku, kai ne mai ba da wannan shawara?" Gaskiya ya faɗa.

Tagar hagu tana da tsaga da ta taso daga ramin noti, mai sayen kuma ya ce sai an canza ta. Shi ya sa aka kira Nazha daga Darul Baida. Nazha makanikiyar jirgi ce, ita ke sa hannu a littafin jirgin kowace shekara, 'yar wani abokin aikinmu ne da ya rasu. Tun tana goye na san ta, yanzu ga ta da furfura biyu uku a gefen ɗankwali. Ba ta kirana sai da Baba Bassu sarkin tsumma, ni kuma kullum sai na yi mata faɗa a kan gaisuwarta da take yankewa kamar mai gudun mota.

Ta auna tagar hagu ta rubuta. Sai ta tsaya a gaban gilashin gaba, ta karkatar da kai, ta haska tocila daga gefe. Ta daɗe a haka. Ta tambaye ni da me nake goge shi. Na ɗauko farar kwalbar ruwan gogewa ta kamfani daga kanta na miƙa mata, har da ɗan ɗaga kai. Ta buɗe, ta kai hancinta, ta kalle ni, ta rufe, ta mayar mini.

Ta juya ga Si Jilali ta ce gilashin gaba ma ya mutu, a canza shi tare. Ya yi dariya. Ya ce jirgin da ke kwana a inuwa, wanda aka sa wa sabon gilashi shekara guda kafin ya saye shi, wanda Bassu ke gogewa kowace safiya da ruwan da kamfani ya ce, ta ina zai mutu? Ta ce ya zo ya duba da tocila. Ya ƙi.

"Nazha, na san kina ƙaunata," in ji shi. "Amma kada ki ɗora wa roba laifin tsufa."

Ya shiga motarsa ya tafi. Ta bari ƙurarsa ta kwanta, sannan ta ce in kama mata mu tura jirgin waje. Muka juya hancinsa ya fuskanci rana, wadda ta yi ƙasa ta kusa taɓa kan itatuwan zaitun. Ta buɗe ƙofa ta ce in hau. Na ce ba wurina ba ne. Ta ce, "Baba, ko dai ka hau ko in ɗauke ka in sa, kuma ka san zan iya." Na cire takalmana na hau.

Ban ga komai ba. Gilashin da nake ganin fuskata a cikinsa daga waje, daga ciki ya zama kamar an watsa masa garin gishiri an kunna wuta a bayansa. Ƙananan tsagu dubu dubai, kowace ta kama rana ta riƙe, ga kuma zane-zane masu kewaye, kewayen da hannuna ke yi kowace safiya. Sandar da ke riƙe da ƙyallen nuna iska, wadda ba ta fi taku talatin ba, ban gan ta ba. Na leƙa kaina ta ƙofa. Ga sanda, ga titi har ƙarshensa, ga awakin wani suna cin ciyawa a jikin shinge.

Nazha ta yi mini bayani a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wannan ba gilashin tagar gida ba ne, roba ce mai kama da gilashi. Ruwan shuɗin nan da ake sayarwa a kasuwa yana cinta, ya sa ta tsattsage a cikin jikinta, takarda kuma tana kartarta. Daga waje tana sheƙi, na ciki ne ke shan wahala.

Ga yadda abin ya faru. Shekara bakwai da suka wuce Si Jilali ya tafi Umara, ruwan farar kwalbar ya ƙare yana can. Ban so ya dawo ya tarar da gilashi da ƙura. Matata Ittu kuwa duk unguwarmu babu mai tagogi kamar nata, da ruwan shuɗi da tsohuwar jarida take goge su. Na ɗebo nata na zuba a farar kwalbar, na ɗauko jaridu. Da ya dawo ya ce bai taɓa ganin gilashin yana sheƙi haka ba. Yabon nan ya zauna mini a kai. Daga ranar, duk sanda ya tambaya ko ya kawo sabuwar kwalba, sai in ce akwai saura. Har abin ya zama wasa. Yakan gaya wa baƙi cewa kwalbar Bassu akwai albarka a cikinta, kamar tulun waliyyi, a zo a shafa. Ni kuma in murtuke fuska, ina jin daɗi a ciki.

Na tambayi Nazha ko za ta gaya masa. Ta ce, "Ba kwalbata ba ce, Baba." Ta ƙara da cewa mai sayen zai zo ranar Litinin, kuma ita ta yi iyakar ƙoƙarinta. Muddin Si Jilali yana ganin ana goge gilashin da abin da ya dace, ba zai yarda da ita ba.

Ranar Juma'a na gaya wa Ittu, tana murza kuskus a akushi. Hannunta bai tsaya ba. Ta ce ruwanta ba shi da laifi, ita tagar ɗaki ta saya wa, ba ta ce a kai shi sama ba. Na ce ina tunanin in bari a sayar da jirgin, sabon mai shi ya canza gilashi, magana ta mutu. Sai hannunta ya tsaya. Ta tuna mini ranar da ɗanmu Muha ya fasa fitilar maƙwabci, na sa shi ya kwashi ɓaraguzan a hannunsa ya kai har ƙofar gidan mutumin yana kuka, ni ina bayansa da sanda. Ta ce, "Shi fitila ya fasa. Kai mutum ne ke shirin binne idonsa da rai." Ban ci kuskus ɗin kirki ba ranar.

Ranar Asabar da la'asar Si Jilali ya zo kwashe takardunsa daga cikin jirgin. Na shimfiɗa buhu a kan teburin aiki, na ajiye farar kwalbar, da jarkar Ittu, da tulin jaridu, da kofunan shayi guda biyu. Ya tambaya ko walimar bankwana ce. Na zuba daga jarkar Ittu a kofi ɗaya. Na zuba daga farar kwalbar a ɗaya kofin. Shuɗi da shuɗi. Ya san ruwan kamfanin fari ne kamar madara, shi ya sayo shi da hannunsa.

Ni da ake cewa bakina ba ya rabo da karin magana, ranar ko ɗaya ba ta zo mini ba. Na faɗa masa abin yadda yake, tun daga Umara har zuwa safiyar Alhamis ɗin da ta wuce.

"Shekara nawa?" ya ce.

"Bakwai."

"Albarkar ke nan."

Ya taka har ƙarshen rumfa, ya tsaya yana kallon bango, ya dawo. Ya ce in kama mu tura jirgin. Muka juya shi ga rana. Ya hau ya zauna, ya kalli gaba, ya leƙa ta ƙofa, ya koma ciki, ya sake leƙawa. Ya yi haka sau huɗu ko biyar. Sannan ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

"Bassu," ya ce, bai kalle ni ba, "wata huɗu ke nan in matata ta fita, ina rufe ido ina koyon tafiya a gidana. Matakala goma sha bakwai ne daga ɗakina zuwa ƙofa."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ciro makullin rumfa daga aljihu na ajiye a kan fiffike. Ya kalli makullin, ya ce in ɗauke kayana daga kan fentinsa kafin in karce shi ma. Ya ce wanda ya ɓata shi zai riƙe wa Nazha har a gama, ba inda zan je. Amma bai saki zancen idon ba. Ya ce gilashi ya mutu, ya yarda, sai dai wa ya sani ko su biyun ne suka mutu tare. Ya kira mutumin Marrakish ya ce ya dakata mako uku. In an canza gilashi ya sauka ya sake ganin fari, jirgi nasa ne.

Kwana goma sha shida kafin akwatin ya iso. Nazha ta zo da shi a bayan motarta, an naɗe shi da barguna kamar mara lafiya. Gilashin gaba da tagar hagu, kowanne manne da takarda ciki da waje. Na kai hannu zan ɓare takardar in ga abin da ke ciki, ta buge mini hannu. Ta ce takardar nan ita ce ta ƙarshe da za a cire.

Ba ta yarda mu fara da sanyin safiya ba. Ta ce robar nan in ta ji sanyi fushi take yi, ta tsage. Muka zauna muka ci burodi da man zaitun har rana ta ɗumama rumfa. Sannan muka kwance notuna, muka cire ƙarfen da ke riƙe da gindin gilashin, kowane noti ta sa shi a jikin kwali daidai inda ya fito. Tsohon gilashin ya fito da tsohon danƙonsa da ƙurar shekaru. Na ɗauke shi na jingina a bango, fuskarsa tana kallon bango.

Sabon ya fi ramin girma kaɗan, haka ake kawo su. Sai mu ɗora, ta ja layi a kan takardar, mu sauke, ta rage da magagari, mu sake ɗorawa. Na ƙirga sau tara ranar farko. Na ce mata a ƙauyenmu kafinta sau biyu yake aunawa. Ta ce a ƙauyenmu in ƙofa ta tsage ba daga sama ake faɗowa ba. Duk gefen da ta rage sai ta ba ni takardar goge katako mai laushi in bi shi har ya yi santsi, ta ce tsaga daga ɗan kartar gefe take samun ƙofa. Na bi shi da yatsa kamar mai neman ƙaya a ƙafar jika.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne huji. Ta ɗauko sabon tsinken huji mai kaifi, ta goga bakinsa a dutse har ya dakushe. Na ce wannan ɓarna ce. Ta ce mai kaifi cafkar robar yake yi ya fasa ta, dakusasshe kuwa kankarewa yake a hankali. Ta gwada mini a guntun tsohuwar taga: mai kaifi ya shiga, tsaga ta gudu tsawon ɗan yatsa. Na riƙe mata katako a baya tana hudawa, kowane rami ya fi notinsa faɗi.

A kwana na uku muka shimfiɗa ƙyallen ulu a cikin ramin, ta bi da danƙo, muka zaunar da gilashin. Ta ba ni sukundireba. Ni a rayuwata in na ɗaure noti, mai kwancewa sai ya tuna da ni. Na farko da na kama, ta riƙe wuyan hannuna. Ta ce in juya har in ji ya taɓa, in tsaya, in ɗan koma baya. Na ce ai wannan sako-sako ne, iska za ta ɗauke shi. Ta ce robar tana faɗaɗa da rana tana tsukewa da sanyi fiye da ƙarfen da ke riƙe ta, in ba a bar mata wurin motsi ba za ta nema da kanta. Ta nuna mini tsohuwar tagar hagu, inda tsagar ta taso daga ramin noti. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa bin notunan nan da sukundireba. Na ce na ji suna motsi ne shekarar da ta wuce, na ɗaure su.

Ta daɗe tana dariya, har ta zauna a kan taya. "Baba Bassu," ta ce, "ba ƙiyayya ce ta kashe jirgin nan ba, hidima ce."

Noti arba'in da shida na ɗaure a haka, hannuna yana ƙaiƙayi a kan kowanne. Da aka gama ta ce in ɓare takardar. Na ja ta a hankali daga kusurwa. Sai da na kai yatsa kusa kafin na yarda akwai wani abu a wurin.

Ranar Alhamis Si Jilali ya zo bayan la'asar. Ya zagaya jirgin, ya duba mai, ya duba taya. Na tura masa shi waje, na koma zan ɗora shayi. Ya ce ina zan je? Ya ce in hau kujerar dama. In ya ga fari ni ma na ga fari, gilashi ne. In shi kaɗai ya gani, idonsa ne. Yana bukatar idon da ba zai yi masa ƙarya ba, ya ce, kuma nawa sun riga sun yi tasu ƙaryar sun gama.

Na cire takalma, ya ce in mayar, ba masallaci ba ne. Nazha ta ɗaure mini ɗamara tana cije leɓe.

Ba zan ce na ga ƙauyen mahaifiyarsa ba. Tun da ƙasa ta sake mu na rufe idona, na kama gefen kujera, na shiga karanta duk abin da na haddace a allo, na gama na sake daga farko. Na ji lokacin da muka karkata, na ji inji ya rage murya, na ji ɗumin rana ya sauka a fuskata. Na san mun juyo yamma.

"Me kake gani?" in ji Si Jilali.

Na ƙara runtse ido.

"Bassu, na kawo shaida ne ko buhun gawayi? Buɗe idonka."

Na buɗe. Rana tana gabanmu, ja, a kan zaitun, kuma ta tsaya a wurinta, ba ta bazu ba. Ƙarƙashinta ga titi baƙi, miƙe, da fararen layukansa. Na buɗe baki zan faɗa, ya ce in bari shi ya fara. Ya ce ga titi. Ga ƙyallen iska, ya karkata kaɗan zuwa kudu. Ga awaki uku a jikin shinge, ɗaya baƙa. Ga Nazha a bakin rumfa, ɗankwalinta kore, tana riƙe da butata, kuma a yadda ta riƙe ta za ta ƙona hannu.

"Awakin huɗu ne," na ce. "Ɗaya tana bayan ganga."

"Wannan ba laifin ido ba ne, laifin ganga ne."

Ya ajiye jirgin ban san mun taɓa ƙasa ba sai da na ji taya tana gunji. Da inji ya mutu bai sauka nan da nan ba. Ya ciro waya ya kira mutumin Marrakish, ya ba shi haƙuri, ya ce ya fasa. Sannan ya ɗora hannunsa a kan gwiwata ya bar shi can ɗan lokaci. Ban samu abin cewa ba sai Alhamdu lillahi, shi ma ita ya ce.

Mako guda bayan haka ya je wurin likita da ƙafarsa. Aka canza masa tabarau na karatu, aka sa masa hannu a takardar lasisi.

Na gode wa Allah da ya sa ƙasa ba ta karɓi mutumin nan ba a cikin watannin da yake lalubenta saboda ni. Na gode wa Ittu da ta hana ni cin kuskus cikin kwanciyar rai, da Nazha da ta mayar mini da kwalbata a rufe ta bar ni in buɗe da kaina. Gaisuwarta har yanzu guntuwa ce, amma na daina yi mata faɗa a kai.

Tsohon gilashin yana nan jingine a rumfa, na hana a jefar. Yanzu in zan goge sabon, sai in cire zobena, in kwarara ruwa mai yawa, in bi da tafin hannu har ƙura ta sauka, sannan ƙyalle mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, ba kewaye. In na gama sai in hau kujerar in duba daga ciki. Farar kwalbar kuwa duk wata biyu take ƙarewa, kuma ranar da ta ƙare nake faɗa.